Madara tana kumbura mini ciki, kuma ina jin nauyin faɗa wa surukata

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Damagaram, shekaruna 27, kuma ina goyon ɗana na fari mai wata biyar. Uwar maigidana Bafulatana ce daga wajen Tanut, ta zo ta zauna da mu tun da na haihu, kuma tana da shanu a hannun wani makiyayi a bayan gari, wanda yake aiko mata da madara kowace safiya. Kafin in sa komai a bakina sai ta tafasa mini babban kofi, ta zuba madarar gari cokali huɗu a ciki don ta yi kauri, da rana kuma ta dama mini fura da nono cike da ƙwarya, tana cewa da haka ne ruwan mama zai wadaci yaro. Ni kuwa ba na cika awa ɗaya da sha sai cikina ya kumbura, ya riƙa ƙugi yana murɗawa, iska ta dame ni, wani lokaci har da zawo. Sau da yawa nakan bar yara a aji in fita da sauri, alwala kuma ba ta zama mini. Na sha falajil daga masu tallar magani, na sha kanwa, babu abin da ya sauya. Wata abokiyar aikina ta ce jikina ne ba ya narkar da sukarin madara, don haka in rabu da madara da nono da cuku da man shanu har abada. Maigidana ya ce raki ne kawai, shi da madara ya tashi ba ta taɓa yi masa komai ba, kuma kada in kunyata shi a gaban mahaifiyarsa. Da na rasa yadda zan yi, sai na fara ba almajirai a ɓoye. Rannan ta gan ni, kuma tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni da fura da nono na girma, ina son su, ban taɓa jin irin wannan ba sai yanzu. Shin dole ne in bar su gaba ɗaya? Ruwan mama zai ragu idan na bari? Yaron ma zai gada? Kuma da wane baki zan faɗa wa Inna?

Daga wata mai goyo, Damagaram

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana yaro, ya ba ki lafiyar shayarwa. Kafin komai ina so ki sauke nauyin da kika ɗora wa kanki, domin abin da kika bayyana ba raki ba ne, ba kuma ƙyamar abincin gidan miji ba ce. Alamomi ne da likitoci suka sani sarai, kuma mutane da yawa a garin nan suna fama da su shekara da shekaru ba tare da sun gane cewa daga kofin safe abin yake tasowa ba. A ganina abokiyar aikinki ta kusa gano matsalar, sai dai maganin da ta ba ki ya wuce gona da iri. Mafi yawan waɗanda jikinsu ba ya narkar da sukarin madara yadda ya kamata suna ci gaba da shan nono lafiya lau, muddin sun san iyakar abin da cikinsu ke ɗauka a zama ɗaya, sun kuma san wane iri ne ya fi yi musu sauƙi. Wannan iyakar ce za mu nemo miki.

A cikin madarar saniya da ta akuya da ta raƙuma, har ma da ruwan mama, akwai wani sukari da ake kira laktos. Jiki ba ya iya tsotse shi yadda yake, sai wani sinadari mai suna laktas, wanda bangon ƙaramin hanji yake samarwa, ya raba shi gida biyu tukuna. Jariri yana zuwa duniya da wannan sinadari a wadace, tunda mama ce abincinsa, amma bayan yaye sai ya fara raguwa a hankali a jikin yawancin mutane, har ana ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya kaɗan ya rage musu. Sukarin da bai samu mai raba shi ba sai ya zarce zuwa babban hanji, yana jawo ruwa a hanya, wanda shi ne zawon, a can kuma ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin hanjin kowa su far masa su ruɓar da shi, su haifar da iskar da ke kumbura ki tana ƙugi. Yawanci abin yana farawa daga rabin awa zuwa awa biyu bayan sha, daidai da abin da kika rubuta. Yana wahalarwa, yana kunyatarwa, amma ba ya yi wa hanji rauni, kuma da zarar sukarin ya wuce ciki yakan lafa.

Maigidanki bai yi ƙarya ba da ya ce madara ba ta taɓa yi masa komai ba, kuskurensa shi ne auna cikinki da nasa. Al'ummomin da suka daɗe suna kiwo suna rayuwa a kan madara sun gaji wata halitta da ke sa sinadarin nan ya ci gaba da fitowa har tsufa. Wani bincike da aka wallafa a 1971 kan al'ummomin Najeriya ya nuna cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har girmansu, alhali fiye da rabin Hausawan da aka gwada ba sa iyawa sosai, kuma wani da aka wallafa a 1986 kan Abzinawan ƙasarmu Nijar ya nuna su ma mafi yawansu suna narkarwa. To ke nan Inna da ɗanta suna iya shanye ƙwarya guda su tashi su kama harkarsu, ke kuma ki sha rabinta ki wuni kina dafe ciki, kuma babu mai laifi a tsakaninku. Gado ne, ba hali ba.

Kin tambaya a fakaice me ya sa sai yanzu, tunda da fura da nono kika girma. Amsar tana cikin lissafin abin da ake ba ki. Kofi ɗaya na madarar saniya, wato rubu'in lita, yana ɗauke da sukarin madara kimanin giram 12. Madarar gari kuwa madara ce da aka janye wa ruwa, sukarin ya taru a wuri ɗaya, har giram 100 nata yana ɗauke da kusan giram 38, don haka manyan cokula huɗu da Inna ke ƙarawa sun kai wani kofin daban. Kina buɗe ciki ke nan da giram 24 ko fiye, babu loma ɗaya a ƙarƙashinsa, sannan kafin hanji ya huta ƙwaryar rana ta iso. A 2010 masanan da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta tara, da kuma hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, kowannensu ya duba binciken da aka yi, suka tsaya a kan abu kusan ɗaya: yawancin masu wannan matsala suna ɗaukar giram 12 a zama ɗaya ba tare da wata damuwa mai yawa ba, musamman idan tare da abinci ne, kuma suna iya ɗaukar abin da ya fi haka idan aka rarraba shi cikin wuni. A gidanku kina shan furar da aka dama da ludayi biyu ko uku na nono mai tsami, cikinki yana iyawa da ita. Yanzu an ninka miki, an kuma sauya miki tsamin da ɗanyen zaƙi. Kamar injin niƙa ne: idan aka riƙa zuba masa gero kaɗan-kaɗan sai ya niƙe tiya guda, idan kuwa aka kife masa ita a lokaci ɗaya sai ya shaƙe.

Duk da haka wasiƙa ba ta maye gurbin ganin likita, kuma akwai cututtukan da ke kama da wannan. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa a gida ita ce ki ajiye madara da nono da duk abin da aka haɗa da su na mako biyu, kina cin sauran abincinki ki ƙoshi, kina lura da cikinki. Idan kumburi da zawo suka tafi, sannan kika gwada rabin kofi suka dawo, to kin samu amsa. Idan kuwa ba su tafi ba, ki je asibitin unguwarku ko babban asibitin Damagaram a yi miki gwajin bayan gida, domin akwai ƙwayar cuta mai suna jiyardiya da ake ɗauka daga ruwa mara tsabta, wadda ke kawo kumburi da zawo, kuma ita kanta takan goge sinadarin laktas daga bangon hanji na ɗan lokaci, har mutum ya kasa shan madarar da ya saba sha, sai bayan ya warke da wasu makonni ta dawo masa. Kada ma ki jira mako biyun idan kin ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko amai mai yawa, ko rama ba dalili, ko zawon da ke tashin ki cikin dare, domin sukarin madara ba ya kawo waɗannan. Haka nan idan bayan shan madara jikinki yana yin ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan wata larura ce daban, jiki ne ke yaƙi da furotin ɗin madara, kuma mai ita ne ake hana madara gaba ɗaya, ko kaɗan ba ya gwadawa sai da likita. Falajil ɗin nan kuma ki bar shi haka. Ba ya narkar da sukari, kuma mai shayarwa ba ta shan magani daga faranti a bakin hanya. Kanwa ma ki sassauta, gishirinta yana da yawa, kuma likitoci a ƙasar Hausa sun daɗe suna gargaɗin masu jego kan yawan shanta saboda zuciya.

Idan gwajin ya tabbatar, sai ki fara dawo da su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kina ba kowanne kwana biyu ko uku kafin ki ƙara wani, domin ki san wanda ya karɓe ki da wanda bai karɓe ki ba. Man shanu ba shi da wata matsala tun farko. Maiƙo ne kusan zalla, sukarin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, wanda aka soya kuwa kusan babu komai a ciki, saboda haka ki zuba shi a tuwo da miyar kuka yadda kike so, ko a cikin mako biyun gwajin ma. Cukun da ake kawowa kasuwa daga arewa shi ne na biyu, domin wajen yin sa ana daskarar da madara a tsiyaye ruwanta, kuma mafi yawan sukarin yana bin ruwan nan ya fita. Ki fara da ɗan ɓari tare da shayi ko a daka miki kaɗan a fura, ki ga yadda za ki ji.

Kindirmo da nono mai tsami su ne abin dogaronki, kuma a kansu nake so ki fi mai da hankali. Ƙwayoyin da ke tsamar da nono sukarin nan ne abincinsu, sukan cinye kusan rubu'i zuwa sulusinsa kafin ya iso bakinki, kuma idan suna raye sukan shiga hanji da nasu sinadarin su taya ki narkar da sauran. Shi ya sa mutum ɗaya zai sha kindirmo ya zauna lafiya, ya sha madara sabuwar tatsa ya kwana bai runtsa ba. Wanda ya kwana ya yi tsami sosai ya fi wanda bai gama kamawa ba, kuma mai yiwuwa kindirmo mai maiƙonsa ya fi miki sauƙi a kan nonon da aka kaɗe aka cire wa mai, domin maiƙo yana sa abinci ya bar tumbi a hankali, sai hanji ya samu sararin yin aikinsa da ɗan sinadarin da yake da shi. Ita kanta fura tana taimakawa ta wannan hanya, tunda geron yana riƙe nonon. Ki nemi a dama miki mai kauri, fura da yawa, nono kamar rubu'in kofi a farko, a cika da tafasasshen ruwa da ya huce. Bayan ƴan kwanaki ki kai rabin kofi, daga nan ki ci gaba har ki ji inda ciki ya fara magana, sai ki koma baya kaɗan ki tsaya a nan. Yawur na leda da ake sayarwa a shaguna shi ma yana cikin wannan sahu, amma da yake da yawa ana haɗa su da madarar gari, wani ya fi wani nauyi, don haka ki gwada rabin leda bayan cin abinci kafin ki yanke hukunci a kansa.

Sabuwar madara wadda ba ta yi tsami ba ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce za ki riƙa aunawa. Rubu'in kofi a cikin kunu ko koko, a tsakiyar karin kumallo bayan kin ci ƙosai ko burodi, giram uku ne kacal, kuma da wuya ya dame ki. Idan ya zauna sai ki ƙara wani rubu'in da dare, daga baya ki gwada rabi. Akwai fa'ida a yin hakan kullum maimakon a bari a dawo: sinadarin da ya ragu ba ya ƙaruwa, amma ƙwayoyin babban hanji sukan saba da sukarin idan suna samun sa kaɗan-kaɗan a kai a kai, su rage yawan iskar da suke fitarwa, har mutum ya tarar bayan wasu makonni yana ɗaukar abin da da can ba ya iyawa. Wanda ya yi shekara bai sha ba kuwa, ranar da ya sha a wajen biki sai ya ji jiki.

Akwai abubuwan da za a faɗa miki waɗanda ba haka suke ba. Tafasa madara ba ya rage sukarinta yadda zai amfane ki, ko da yake wajibi ne, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu da wata cuta mai kawo zazzaɓi mai zuwa yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, kuma a wannan Inna ta yi daidai da take tafasawa. Madarar akuya da ta raƙuma suna da sukarin kusan daidai da ta saniya, bambancin bai kai ya cece ki ba idan kika sha da yawa. Madarar gwangwani ta ruwa da mai kauri irin ta masu shayi duk an rage musu ruwa, sukarin madarar da ke cikinsu ya ninka na sabuwar tatsa ko ya fi, to cokali ɗaya a shayi ya isa. Nonon kasuwa kuma, musamman da rani lokacin da shanu suka rage bayarwa, wasu sukan ƙara masa ruwa, kuma idan ruwan ba mai tsabta ba ne zai ba ki zawon da za ki ɗora wa sukari laifinsa. Ke Allah ya hutar da ke daga wannan, tunda madara tana zuwa miki har gida, kuma kina da gwanar sarrafa ta a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Don ranakun da ba ki da iko a kan abin da za a miƙo miki, kamar suna ko ziyarar dangin miji a rugga, ki tambayi farmasi ko suna da ƙwayar laktas ko za su iya nemo miki. Ana haɗiye ta ne tare da kurɓin farko, ba bayan ciki ya kumbura ba, tana yin aikin sinadarin na wannan zaman kaɗai, kuma ba kowa take yi wa daidai ba, don haka ki gwada ta a gida tukuna. Ban ga dalilin da za ki riƙa kashe mata kuɗi kullum ba. Idan azumi ya zo kuma kina yi, kada ki buɗe baki da ƙwaryar fura da nono a kan cikin da ya wuni fayau. Ki fara da dabino da ruwa, ki ci abinci, fura ta biyo baya. A ranakun aiki ma ki mai da nononki mafi yawa zuwa bayan tashi daga makaranta, har ki tabbatar da iyakarki.

Game da yaro, ki kwantar da hankalinki. Ruwan mama ba madarar da kika sha ba ce take gangarowa, jikinki ne ke haɗa shi daga duk abincin da kika ci, kuma sukarin da ke cikinsa, wanda ya kai kimanin giram 7 a mililita 100, wato ya fi na saniya, a cikin maman ake ƙera shi ko kin sha madara ko ba ki sha ba. Abin da ke ƙara ruwan mama shi ne yawan ba yaro ya tsotsa dare da rana, da ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa, ki samu hutu. Zawon da kike yi kullum shi ne ma abin da zai iya raunana ki, don haka ranar da ya kama ki ki sha haɗin ruwan gishiri da sukari na leda da ake bayarwa a asibiti. Ɗanki yanzu yana narkar da sukarin mama sarai kamar kusan kowane jariri. Ko zai biyo ki ko zai biyo mahaifinsa, sai bayan yaye da shekaru za a gani, kuma ko ya biyo ki, abin da zai bukata shi ne irin wannan awon da nake koya miki. Ki ci gaba da ba shi mama zalla har ya cika wata shida kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, kuma kada a mai da madarar shanu abin shansa kafin ya cika shekara, ko da kakarsa ta matsa don ƙauna.

Abin da za ki kula da shi a jikinki shi ne kalsiyum, sinadarin ƙashi, wanda babban mutum yake bukatar kimanin miligiram 1000 nasa a rana, kofin madara ko na kindirmo kuma yana ba da kusan 300. Wannan ne babban dalilin da ya sa ban yarda ki bi shawarar barin nono gaba ɗaya ba, ga ki mai shayarwa, ga kindirmo kyauta a gida. Sauran kuma ki cike da kwaɗon zogale, da miyar kuka, da riɗi, da wake, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu.

Saura maganar da ta fi ci miki rai. Ki dubi abin daga wajen Inna: ta baro gidanta, ta zo ta ɗauki hidimarki, kuma a wajen Bafulatana babu kyautar da ta kai madarar shanunta. Ranar da ta ga kofin a hannun almajiri, abin da ta fahimta shi ne an raina abin hannunta, tunda babu wanda ya gaya mata cewa kina ciwo. Na san kunya ce ta sa ki, kuma kunyar suruka tarbiyya ce, amma ɓoyon ya yi mata zafi fiye da yadda gaskiyar za ta yi, kuma duk abin da na zayyana miki ba ya yiwuwa a ɓoye a gidan da ita ke riƙe da ƙwarya. Ki fara da maigidanki, a lokacin da kuke ku biyu kuma hankalinsa yana kwance. Kada ki tsaya gardamar raki da shi. Ki faɗa masa sau nawa kika fita daga aji, ki faɗa masa halin da sallarki ke ciki, ki nuna masa wannan lissafi na giram, sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ya riga ki zuwa wajen mahaifiyarsa ya shaida mata cewa madarar safe tana sa ki zawo, kuma kunya ce ta hana ki faɗa. Wannan aikinsa ne, shi ne ɗanta, kuma tsoron da yake yi na jin kunya a gabanta ya riga ya faru tun ranar almajirin, gyara ya rage.

Bayan ya share miki hanya, ki same ta da kanki, ki durƙusa ki ba ta haƙuri a kan ɓoyon, ba a kan ciwon ba. Ba sai kin ambaci iska ba, ki ce ciki yana murɗa miki yana sa ki zawo, ta haifa ta goya, za ta gane sauran. Sannan ki mai da maganar neman taimako: ki ce mata, Inna, sabuwar madara ta fi ƙarfin cikina, amma kindirmonki nake so, ki taimake ni ki riƙa tafasa tawa ki kwantar mini da ita ta kwana, kuma ki koya mini yadda kike yi. Da wannan kin karɓi kyautarta, kin kuma girmama saninta, kuma ba abin mamaki ba ne ta ce miki ta san wasu can rugga da sabuwar madara ba ta karɓe su ba, domin ko cikin Fulani akwai su. Madarar garin da take ƙarawa kuwa ki roƙe ta a bar ta gaba ɗaya, kuɗinta ya tafi ga kifi ko riɗi.

Mai yiwuwa ta ƙi yarda da farko, ta ce yaro zai rame. Idan haka ta faru kada ki ja da ita, ki gayyace ta ta raka ki awon yaro na wata mai zuwa, ki sanar da ma'aikaciyar lafiya tun kafin ku shiga, ta yi mata bayani da bakinta a gaban sikeli, domin tsofaffi sukan karɓi magana daga mai farar riga wadda ba za su karɓa daga surukarsu ba. Idan kuma maigidan ne ya noƙe, ki nemi wata babba da Inna ke jin nauyinta, ƙanwarta ko wata maƙwabciya sa'arta, ta isar miki. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika sha, da yawansa, da lokacin, da abin da ya biyo baya, tun daga ranar farko ta mako biyun, domin shi za ki nuna wa likita idan cikin bai lafa ba. Ki sake rubuto mini bayan wata guda in ji inda awon ya tsaya, da yadda kuka ƙare da Inna.